Samanja a Teburin Mai Shayi

Kwanan baya a teburin mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi, wani dattijo ya rantse cewa tun da Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya rasu a 2023 aka binne dariya tare da shi. Wai Samanja kaɗai ne wasan da uba da 'ya'yansa ke kallo ba a sunkuyar da kai. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, Kasimu Yero ne gwani. Saura kaɗan a zubar da shayi.

Wani saurayi ya yi kasada ya ambaci Daɗin Kowa na Arewa24. Aka yi masa kallon wanda ya shiga masallaci da takalmi.

Sai ya ce, "Baba, to ba mu labarin shiri ɗaya, daga farko har ƙarshe."

Baba ya yi gyaran murya. Ashe gidansu ba talabijin a lokacin. Ta tagar maƙwabta yake leƙe, bisa turmi, shi da yara goma. Rabin Samanja ya sani, daga hula zuwa gashin baki. Sauran, ƙeyar mai gidan ce.

"Amma fa," in ji shi, "ƙeyar ma ta fi wasannin yanzu."