Ranar da Fijo ta ƙi tashi

Wanda yake son sanin yawan masanan da Allah ya albarkaci Kano da su, ba sai ya je Jami'ar Bayero ba. Ya samu tsohuwar mota, ya tsaya da ita a bakin titin France Road, ya ɗaga bonet. Kafin ya tokare shi, an cika.

Tawa Fijo 504 ce, fara, gadon mahaifina. Na fito daga kasuwar Sabon Gari da la'asar, na murɗa makulli, injin ya yi ta juyawa gir-gir-gir, amma ya ƙi kamawa.

Wanda ya fara isowa shi ne mai cewa batir ne. Irinsa ko taya ce ta sace, batir ne. Bai leƙa ba, bai taɓa komai ba, hannunsa na cikin aljihu ya yanke hukunci: "Alhaji, batirinka ya sauka." Alhali yaron da ya yi wata guda a gareji ya san batirin da ya sauka ba ya juya inji haka. Ƙas-ƙas kawai za ka ji, fitilu su dushe. In kuwa an ji ƙas ɗin fitilu ba su dushe ba, kik ake tuhuma. Sai dai mutumin nan yana da haƙuri. Ya tsaya yana cewa in ƙara murɗawa, ni kuma ina murɗawa, har batirin ya fara numfashi sama-sama. Nan ya juya ga jama'a: "Ban faɗa ba?"

Bayansa ɗan kabureta ne, wanda nake ganinsa da mutunci saboda sadaukarwa. Ya zare tiyon mai, ya kafa baki ya zuƙa, ya tofar, ya ce mai yana zuwa. Da ya tsaya nan da ya yi aikin lada. Amma ina! Ya cire murfin iska, ya sa aka kawo fetur a gorar ruwa, ya tsiyaya a maƙogwaron kabureta, ya dafe bakinta da tafin hannu yana ba da umarni kamar hafsan soja. Motar da ba yunwa take ji ba aka yi mata ɗura, har fulogai suka jiƙe sharkaf, warin mai ya kori mai gyaɗar da ke gefe.

Mai riwaya kuwa, wato mai gyaran wuta, bai yarda akwai cutar da ba ta waya ba. Gwajinsa daidai ne, a zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, a kusantar da ita jikin inji, a ga ko wuta za ta yi tsalle shuɗiya. Abin da na lura da shi, bai taɓa riƙe wayar da kansa ba. Kullum akwai yaro. "Kai, riƙe nan." Ran nan yaron ya runtse ido yana jiran ƙaddara, aka murɗa, shiru. Wannan ce magana ta farko mai amfani da aka samu tun la'asar, amma maigidansa ya ce sai an warware wayoyin motar gaba ɗaya, kwana uku.

Wani matashi ya zo da na'urar kwamfuta, ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana laluben inda zai jona. Ya daɗe. Ya fito da ƙura a gemu ya ce motar ba ta da ƙwaƙwalwa. Na ce haka take tun tana budurwa.

Ban manta da tsohon ma'aikacin gwamnati ba. Shi bai zo gyara ba, ta'aziyyar zamani ya zo yi. Ya shafa ƙofa kamar mai shafa doki, ya shiga karatu: an fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, zamanin mulkin soja na Obasanjo kuma ita ce motar manyan gwamnati. Duk gaskiya ne, ba wanda ya musa. Na ce, "Ranka ya daɗe, to me ya hana ta tashi?" Ya ce shi direba yake da shi a lokacin.

Mai kayan gyara ya tsallako daga shagonsa da kwayil iri uku, orijinal da na Beljiyam da wanda ya kira "mai sauƙi", yana Hausa kamar haifaffen Fagge, wataƙila ma shi ne. Dillali ya raɗa mini cewa yana da mai saye in na gaji. Wani dattijo mai carbi ya ce baki ne, mota fara haka ba ta rasa mahassada. Can gefe kuma matura sun jeru suna naɗe hannun riga. Su ba ruwansu da sanadi, iliminsu jimla ɗaya ce: "Oga, saka ta a tu."

Ana haka wani yaro ya jawo Baba daga wani gareji a Fagge, tsoho mai tabarau ɗaure da zare. Bai gaisa da masana ba. Ya ce, "Ɗana, murɗa in ji." Ya saurara da kai a karkace. Ya ɓalle maƙalai biyu na murfin distirbuta, ya ce a sake murɗawa, ya nuna mini kwantak da bakin sukudireba. Ɗan ƙarfen nan aikinsa ya buɗe ya rufe, duk buɗewa kwayil ya harba wuta zuwa fulogi. Nawa dunduniyarsa ta cinye, ya daina buɗewa. Baba ya goge bakinsa da guntun sanfefa, ya sassauta sukuru, ya yagi kwalin ashana ya zura a tsakani ya auna tazara, ƙasa da rabin milimita, ya ɗaure. Ya ce in taka totur har ƙasa kada in ɗaga, man da aka ɗura ya fita.

Sai dai batir ya riga ya gama mutuwa a hannun masoyinsa. Dole aka koma ga matura. Na saka ta a tu, suka tura har muka doshi Bata, na saki kuloci, ta yi tari biyu ta kama.

Da na zagayo sallama, mai batir yana karɓar gaisuwa, ɗan kabureta yana cewa mansa ne ya sauka, dattijo mai carbi yana cewa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Matura biyar na ƙirga a farko, wajen biya sun zama tara. Baba kuɗin shayi ya karɓa, ya ce in sayi sabon kwantak da kwandansa kafin Juma'a, in kuma mayar wa mai shayi ashanarsa.