Mangawa, ku ajiye shayin nan ku ji Fela da Bature mai ganga

Na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba, ku 'yan fadar shayi na Gure. Za ku ce wannan wane irin kiɗa ne da ba kai ba gindi, mai ƙaho ya yi gabas, mai jita ya yi yamma, makaɗa biyu na jibgar fata kamar suna bin ta bashi. Za ku ƙara da cewa an rasa abin cika faifai sai tafi da ihun 'yan kallo. To ku yi haƙuri, Bafillace ne ke magana, kuma abin da ke tsakanina da ku ba a kai shi gaban sarki.

Faifan da nake nufi na 1971 ne. Fela na Legas, lokacin yana amsa Ransome-Kuti, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan da ƙungiyarsa Africa 70, ya gayyato Ginger Baker, Baturen Ingila da ya yi suna da dukan ganga a ƙungiyar Cream. Aka tara mutane a ɗakin, aka yi wasa a gabansu, na'ura na ɗauka. Waƙa huɗu kacal, kuma babu gajera a ciki. Fela ya koyi busa a Trinity College da ke Landan, ya haɗa jaz da hailaif, ya dawo daga Amurka a 1970 da wani sabon zafi a kansa. Baker ɗan rok ne, amma jaz ya fara bugawa. Da aka zuba su wuri ɗaya, sai ga abin da kuke kira hayaniya.

Kada ku ce Baturen yawon buɗe ido ya zo. A shekarar 1971 ɗin ya ratso Sahara da mota Range Rover, ta Aljeriya har Najeriya, Tony Palmer na ɗaukarsa fim, daga baya kuma ya kafa ɗakin ɗaukar sauti a Legas. Ku da kuka san abin da rairayi ke yi wa taya tsakanin Gure da Taskar, ku faɗa mini ko mai raina kiɗanmu zai sha wannan wahala.

Waƙoƙin sun yi tsawo, in ji ku. Wa ke faɗa? Mutanen da za su zauna wa kaset ɗin Shata har batir ya mutu, su ciro shi su shanya a rana su mayar? Ma'azu Ɗan Alalo in ya kama wasan sarakunan Damagaram, wa ya taɓa duba masa agogo? Ku tuna kuma a ina aka ɗauki yawancin kaset ɗin da iyayenku suka ɓoye a ƙasan akwati: a filin biki, da guɗar mata, da sanƙira yana yanke waƙa don shelar wanda ya yi kari. Ba ku taɓa cewa a goge guɗar ba. Tafin Turawan Landan ne kaɗai ke damun kunnenku.

Sai batun mai ƙaho da ke sakin hanya ya shiga daji. A nan kam kun ba ni dariya, don ku ne masu algaita. Mai algaita a ƙofar fada yana kumbura kumatu, yana shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba, ya murɗa sauti ya kai shi inda ya ga dama, ganga na riƙe masa ƙasa har ya dawo. Abin da 'yan jaz ke shekaru suna nema ke nan. Yusef Lateef, babban mai busa na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗan ƙasar, musamman sarewa. Sarewar wa? Ta Fulani. Ban ce komai ba, tarihi ne ya faɗa.

Wani dattijo a cikinku zai gyara zama ya ce shi haɗe-haɗen ne ba ya so, kowa ya tsaya a kiɗan gidansu. Baba, Malam Maman Barka fa? Ɗan Taskar ne, nan arewa da ku, Batube, malamin lakwal, ya yi suna da gurumi yana waƙa da Hausa. Ya tashi takanas ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya kai shi har Turai, faifansa ya fito a 2009. Batube da kiɗan masunta da bakin Hausa, in wannan ba haɗi ba ne ku gaya mini sunansa. Yaranku kuwa wayoyinsu cike suke da jitar Mdou Moctar da ta Bombino, shi Bombino har yana da faifan wasan da ya yi a Amsterdam, wanda ya fito a 2020.

Ni a wurina gwanin faifan ba mai sunan a bango ba ne. Ku kasa kunne ga Tony Allen, makaɗin Fela. Hannun Baker nauyi gare shi, in ya doka sai ka ji a ƙirji. Allen kuwa lallaɓa gangar yake, hannu biyu da ƙafa biyu kowane da nasa zancen, ba ya gaggawa ba ya makara. Da a ce an bi faifan an yi masa kwaskwarima, da an share wuraren da suke taka wa juna ƙafa su gyara nan take, alhali nan ne daɗin yake.

Abu ɗaya zan bar muku. Da aka sake fitar da faifan an liƙa masa karawar Baker da Allen a bikin jaz na Balin na 1978, ganga zalla wajen minti 16, ba busa ba murya. Wanda ya tashi a tsakiyarta ban ga laifinsa ba. Amma sauran huɗun sai kun ji su daga farko har ƙarshe kafin ku sake yi mini musu, kuma a zuba mini na farko, mai ɗaci, ba ragowar na uku da kuka saba ba baƙo ba.