Mazurarin Unguwa

Daren Talatar nan an ɗauke wuta, ina zaune a ƙofar gida ina fifita da kwali, sai ga yaron maƙwabcina ya zo ya durƙusa. "Baba, wai in ji Abbanmu, don Allah a ba shi aron mazurari." Na ce ai mazurarin yana gidanku tun azumi. Ya ce a'a, Abba ya ce tela ne ya karɓa. Na ce to ka tafi wajen tela. Ya ce daga can yake, tela ya ce mai cajin waya ya aiko an ɗauka, shi kuma mai cajin waya ya rufe shago ya tafi biki Wudil.

Wannan maƙwabcin nawa fa mutum ne mai rufin asiri. Janareta biyu gare shi, akwai babba mai tayoyi da ake tayarwa da makulli, akwai kuma ɗan Tiger na ko-ta-kwana. Firjinsa biyu. Bara ya yi Umara. Amma mazurarin roba, wanda kuɗinsa bai kai na litar fetur guda ba, ya gagare shi saye, kuma ba shi kaɗai ba. Na lissafa gidajen layinmu masu inji, har da na aski da na markaɗe, sai na tarar dukkanmu mazurari ɗaya muke hawa, shi ma nawa ne, kuma rabona da ganinsa har na fara manta ko ja ne ko shuɗi.

Mazurarin nan ya fi mai unguwa sanin unguwa. Ya shiga gidajen da ni ban taɓa wuce zaurensu ba. Ya kwana a gidan liman, ya wuni a shagon ɗinki, ya halarci suna, ya yi zaman makoki lokacin da aka kunna lasifika ranar sadakar uku. Da daddare fetur yake sha, da safe kalanzir. Akwai wanda ya rantse mini ya gan shi a hannun wata yarinya ana ɗura zoɓo a gora, kuma ya ce zoɓon ranar ya yi wani irin ƙarfi da ba na citta ba. Muna da kwamitin masallaci, muna da na 'yan sintiri, muna da na karo-karon gyaran taransifoma wanda ya fi kowanne yawan zama da ƙarancin sakamako. Ina ba da shawara a kafa na mazurari, da shugaba da ma'aji da littafin shiga da fita. In ya so a naɗa masa Sarkin Mazurari, a riƙa ɗauko shi da lema. Ko banza dai ya fi wasu masu rawanin yi wa jama'a aiki.

Da aka rasa shi daren nan, sai aka koma ga abin da aka saba, wato aka samo gorar ruwa aka yanke ta da wuƙar kicin. Daga nan aikin ya zama na gayya. Alhaji maƙwabcin nawa ya rungumi jarka mai lita 25, irin ruwan ɗorawar nan ta man girki da ta yi ritaya. Babban ɗansa ya riƙe gora. Ƙaramin ya haska fitilar waya, amma rabin hankalinsa yana kan saƙon da ya shigo, don haka hasken ya fi zama a kan takalmin Alhaji. Sai na huɗu, wanda ba ya riƙe da komai sai baki: "A hankali. Ɗaga kaɗan. A'a, sauke. Yawwa. Kash!" Ba a taɓa zuba wa janareta mai a ƙasar Hausa babu wannan bawan Allah ba. Ko a tsakiyar fadama ka tsaya za ka zuba wa injin ban-ruwa mai, sai ya ɓullo daga cikin albasa ya ce ka karkata.

Abin haushin shi ne gaskiya gare shi. Jarka baki ɗaya gare ta, ta nan mai zai fita, ta nan iska za ta shiga, shi ya sa take yin ɓul-ɓul tana tofo man a guntu-guntu, rabi a gora rabi a ƙasa. Da za a kwantar da ita ta gefe, ko a juya bakin ya koma sama, iska ta sami hanya, da man ya sauko salin-alin. Da ma a fara juye shi a ƙaramin galan. Amma ina! Ɗaga cikakkiyar jarka har ƙirji a gaban yara wani nau'in mazantaka ne, kuma ba a sauke ta sai tanki ya yi ambaliya. Ambaliyar ita ce awo. Masu ƙera injin sun sa 'yar raga a bakin tanki mai jan zobe da ke nuna inda za a tsaya, don mai yana kumbura in ya ji zafi, yana bukatar sarari. Ragar nan ita ake fara cirewa a jefar ranar da aka sayo inji, wai tana ɓata lokaci.

Ku tuna fa, wannan mutumin ne a gidan mai yake kafa wa mita ido ko ƙiftawa babu, yana cewa yaron famfo ya girgiza tiyo akwai saura a ciki. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta haye 1,000 a Abuja. Mun yi tsaki, mun yi Allah-ya-isa, wasu sun jingine mota sun koma keke. Sannan mu dawo gida mu shayar da siminti kofi guda kowane dare, mu sa ƙafa mu shafe.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tashe ni daga kan tabarma shi ne injin yana aiki ake yin wannan hidima. Na ce, "Alhaji, don girman Allah a kashe shi ya huce tukuna." Ya ce, "Haba Malam, in na kashe shi ba ya tashi sai an sha wuya, ga shi iyali suna kallon Daɗin Kowa. Allah ne ke tsarewa." Allah ne ke tsarewa, babu shakka, kuma Shi ne Ya ba mu hankali. Salansa tana tiriri, tazararta da bakin tanki ba ta wuce taki ɗaya ba. Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi yana rarrafe har ya tarar da igiyar leƙo da aka kunna a ƙarƙashin benci ko kurfotin da aka bari da garwashi. Katangarmu ɗaya da Alhaji, ɗakin da ke jikinta kuma nan 'ya'yana suke kwana. Mu ne fa muka binne fiye da mutum 150 a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024 bayan tanka ta faɗi. Wata uku bayan nan, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, ana ƙoƙarin juye mai daga tankar da ta kife zuwa wata da taimakon janareta, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 80. Mun yi salati, mun yaɗa hotuna a WhatsApp, aka idar da sallar isha kowa ya koma ya ɗauki jarkarsa.

Masu tiyo ma ban manta da su ba, waɗanda suke zura shi a tankin mota su zuƙa da baki, su wuni suna gyatsar fetur a sahun sallah. Ga kuma waɗanda in an shiga wahalar mai aka hana sayarwa a jarka, sai su kwance tankin janaretan ɗungurungum, su rungume shi a bayan babur su shiga layi. Aka cika shi fal, aka bi ramukan hanya, ya iso gida da abin da ya rage, sauran yana jikin shaddar maigida.

A duk garin nan mutum ɗaya na sani da ba ya zubar da ko ɗigo, shi ne ɗan bumburutu. Ku tsaya ku kalle shi wata rana a bakin titi. Mazurarinsa nasa ne, yana da tiyo a gindi da ƙyalle a baki don tacewa, kuma ba ya ba da aro ko da hakimi ne ya aiko. Hannu ɗaya yake zuba galan, ɗaya hannun yana karɓar kuɗi, idonsa yana kan motar da ke tafe. Ya gama ya kife galan ya jira ɗigon ƙarshe, sannan ya mayar da abin da ya maƙale a tiyo cikin kwalbarsa. Da jami'o'inmu suna da basira da sun ɗauke shi lacca.

Sai dai galan ɗin nasa. An ce lita huɗu yake ci, kuma wataƙila haka yake ranar da ya baro kamfani. Yanzu cikinsa ya lotsa ta nan, ya shige ta can, gindinsa ya tura sama kamar na kwalbar turare. Kullum na saya sai na ga man ya tsaya a inda bai kamata ya tsaya ba. Jiya na daure na ce masa, "Samari, wannan galan naka anya lafiyarsa ƙalau?" Ya ɗaga shi ya duba ta ko'ina, da alamar tausayi a fuskarsa, ya ce, "Wallahi Baba rana ce. Ni ma ka ga yadda na rame."