Kawu, Mun Zo Na Ɗaya!

Kowa da irin jarabarsa. Wani goro, wani ƙwallon Ingila, wani kuma ba ya iya wuce mai tsire bai rage tafiya ba. Tawa ta fi waɗannan ban kunya, don ba a tauna ta, ba a haɗiye ta. Ni dai ina son a gan ni, kuma a Google. Akwai lokacin da in na farka da asuba, kafin in lalubi buta sai na lalubi waya, in duba a layi na nawa aikina ya kwana.

Kazaure kuwa gari ne da wannan cuta ke saurin kama mutum. Tun da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa makarantar koyon kwamfuta a 2001, wadda kowa ke ce wa Informatics, ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka bai wa Babura a 2021, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da wanda ake kira Injiniya ba. Ni ban taka ko ɗaya daga cikinsu ba. A YouTube na yi karatuna, da datar dare. Amma ranar da na buɗe wa wata gwaggona wayarta da ta kulle, ta ce, "Allah ya yi albarka, Injiniya," ban gyara mata ba. Sunan ya bi ni, ni ma na bi shi.

Kawuna yana harkar riɗi da zoɓo. Yakan saya a hannun manoman Roni da Gwiwa, wani sa'in ya leƙa Babura, ya tara a sito, ya ɗora wa mota zuwa Kano. Yana zaman zamansa na je na zuga shi. Na ce zoɓon nan da yake gani har Meziko ake kai shi, riɗi kuma Japan da Sin da Turkiyya, to me zai hana masu saye su nemo shi kai tsaye ta intanet? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ɗana, yi abin da ka ga ya dace." Da ya san abin da zan ga ya dace, da bai faɗa ba.

Na ɗora aikin a kan Next.js, ɗaya daga cikin shiryayyun tsare-tsaren da masu gina manhajar intanet ke amfani da su maimakon su fara komai daga tushe. Kowane shafi yana da wasu 'yan layuka a samansa da ba sa fitowa a jikinsa: take, da taƙaitaccen bayani, da hoton da zai bayyana in an tura wa wani adireshin. Su ne allon ƙofar shago. Su Google ke karantawa ya nuna wa mai nema, su WhatsApp ke ɗebowa ya liƙa a jikin saƙo. Next.js yana zuwa da nasa na wucin gadi, don ka goge ka sa naka. Ni kuwa hankalina yana can wajen zaɓen launi da rubutu mai shigowa yana rangaji. Na miƙa aiki, Kawu ya tura wa zauren dillalai da alfahari, sai ga sunan kasuwancinsa na shekara da shekaru ya fito ɓaro-ɓaro: Create Next App. Kafin la'asar wani abokin cinikinsa ya bugo daga Babura. "Alhaji, ashe an haɗa jari da Turawa ba mu da labari? Allah ya sanya alheri."

Na gyara take a daren. Da na zo kan hoto, wanda ake sawa bisa wata ƙa'ida da Facebook ya fito da ita a 2010 mai suna Open Graph, sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai ya kamata jama'a su san hannun da ya yi wannan aiki. Na sa hotona. Hula zanna, hannuwa a harɗe, kwamfuta a gaba, ina kallon nesa. Washegari Kawu ya aiko a kira ni, ya miƙo mini wayarsa bai ce komai ba, sai da na gama kallon kaina sannan ya tambaya, "Injiniya, riɗi nake sayarwa ko kai?" Na sauya da hoton buhuna nan take. Sai dai saƙon da ya riga ya tafi ya tafi, kuma waɗannan manhajoji sukan adana hoton farko na ɗan lokaci. Fuskata ta daɗe tana yawo a wayoyin dillalan hatsi, wani ma ya ɗauka takara na fito.

Duk wannan wasan yara ne idan aka gwada da abin da ya biyo baya. Google ya ƙi ganin mu. In rubuta sunan Kawu, shiru. In rubuta riɗi da Kazaure, sai labaran da ba su shafe mu ba. Na zagi kamfanin waya. Na zargi Amurkawa da raina Hausa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na fara lissafa abokan sana'a da nake jin suna mini hassada, har na ce wa mahaifiyata ta sa ni a addu'a don akwai masu bi na da baki. Wata ƙanwar abokina da ke karatu a kwalejin fasaha ce ta karɓi kwamfutar, ta buɗe Search Console, wurin da Google ke gaya wa mai shafi abin da ya gani da abin da ya hana shi gani. Ba ta daɗe ba ta juyo da allon. "Yaya, ai kai ka ce masa kada ya shigo." Lokacin da nake gwaji na sa wani layi ɗaya da ke umartar injin bincike kada ya saka shafin a kundinsa, na manta ban cire ba. Kuma da yake a babban fayil na sa shi, wanda duk sauran shafuka ke gado daga gare shi, ba wanda ya tsira. Na ce mata ai ina sane, gwada ta nake yi. Ta ce, "Na sani, Yaya," da irin ladabin da ya fi dariya ciwo.

Da ƙofa ta buɗe sai na shiga da gudu. Na rubuta take mai cike da girma: Alhaji, da sarautar da ake kiran Kawu da ita a kasuwa, da sunansa, da na mahaifinsa, da "da 'Ya'yansa", sannan babban dillalin riɗi da zoɓo da gyaɗa na Kazaure, Roni, Gwiwa, Babura, Najeriya da Afirka ta Yamma baki ɗaya. Google ba ya nuna abin da ya wuce haruffa kamar 60. Ya datse shi daidai inda kirari ya ƙare, ya sa ɗigo uku. Mai neman riɗi zai ga Alhaji da mahaifinsa da 'ya'yansa, amma ba zai san ko siminti suke sayarwa ba. Na kuma kwana ina cusa kalmomi a wani gurbi da ake ce wa na muhimman kalmomi, har da sunayen garuruwan da Kawu bai taɓa takawa ba. Daga baya na gano tun a 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba wannan gurbi wajen jera shafuka. Sanarwar ta girmi gemuna.

Amma na yi nasara, kada a ce ban faɗa ba. Wata safiya na rubuta "babban dillalin riɗi da zoɓo na Kazaure da kewaye", sai ga mu a sama. Na ari wayar mai shayi na gwada, muna nan. Na ari ta wani direban motar Daura a tasha, muna nan. Ban tsaya na tambayi kaina ko akwai wani mahaluki a duniya da ke rubuta wannan doguwar jimla in ba ni ba. Na hau babur sai sito. "Kawu, mun zo na ɗaya!" Yana tsugune yana duba ɗinkin buhu, bai ko ɗago ba. "Madalla. Buhu nawa aka saya?" Na ce ai abin a hankali yake tafiya. Sai yaronsa ya ce shi fa ya gwada buɗe shafin a wani ƙauyen Gwiwa, ya yi ta juyawa har datarsa ta ƙare, saboda nauyin hotuna da rubutun nan mai rangaji. Kawu ya karɓi wayata ya duba da kansa, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya. Lambar da na sa tsohon layinsa ne, wanda ya ɓace tun kafin a fara shimfiɗa titin jirgin Kano zuwa Maraɗi.

Ba zan ce ni kaɗai ke da wannan cuta ba, ko da yake ni na fi kowa. Ku duba katin ɗaurin aure na gaba da za a miƙo muku. Iyalan wane da wane, kowa da Alhaji da Dakta da sarautarsa, layi bayan layi, sai ka kai can ƙasa da ƙyar ka gano ango da amarya, wurin taron kuma da ƙananan haruffa. Haka allunan ƙungiyoyin da ke bakin titi, suna ya cika allo, ofis kuma a kulle da kwaɗo. Injinan bincike ma, duk da lissafinsu, abin da suke ƙoƙarin ganowa shi ne ko shafi ya biya wa mai nema buƙata. Shi ya sa Google kan sauya taken da ka rubuta da wanda ya ga ya fi dacewa, ba tare da ya nemi izininka ba.

Yanzu taken shafin Kawu kalma huɗu ne da sunan gari, shi ya faɗa na rubuta. Lambar waya na sama, manya-manya. Akan kira jefi-jefi, yawanci mutanen da dama sun san shi, suna neman sabon layin.

Kwanan baya aka yi mini haihuwa, na kai aikin katin suna wurin mai bugawa. Da na je karɓa na tarar ya rubuta sunana haka nan tsurarsa, babu Injiniya. Na ce sam, a sake. Ya ce sai na ƙara kuɗin takarda, na ƙara. Aka buga, aka raba har Roni. Ana gobe suna surukina ya bugo waya, bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, kati ya yi kyau ƙwarai. Amma ƙarfe nawa ne?"