Kafin Ka Taya Kujerar Umara, Nemi Waɗanda Suka Dawo

Da zarar watan Rajab ya tsaya, wayoyin mutanen Unguwar Gano a Kano sai su cika da hoton Ka'aba da jan rubutu a ƙasansa: garaɓasa, saura kujera uku, wanda ya riga biya shi ke da ita. Kamfanonin tafiye-tafiye, tun daga na titin Gidan Zu har na titin Zariya, kowa na jefo farashinsa a WhatsApp da Facebook, na safe daban, na yamma daban. Babu mai kaɗa ƙararrawa, amma gwanjo ne sosai: kujeru kaɗan, masu so da yawa, wanda ya fi ƙarfin tayi shi ake sallama wa. To ɗan'uwa, kada ka buɗe baki ka taya sai ka san nawa aka sallama wa na bara, da abin da suka tarar a can.

Wannan dabara ba mu kaɗai muka san ta ba. A Amurka, a 1998 kamfanin Priceline ya taɓa fito da tsarin da mutum zai rubuta abin da zai iya biya na tikitin jirgi, daga baya har da ɗakin otal. A wancan zamani, in an karɓi tayinsa a cire kuɗin nan take, babu mayarwa, sai a lokacin zai san sunan otal ɗin. Masu wayo a cikinsu sai suka riƙa tattara tayin da aka karɓa a baya da wanda aka yi wa albarka, su taya daidai bakin inda ake sallamawa. Su sai da suka sha wahalar tara bayanai. Mu kuwa Allah ya hutar da mu, muna da majalisa.

Bayan sallar isha'i, ka sayi littafi mai ganye arba'in, ka nufi teburin mai shayi. Kada ka faɗa wa Alhaji da tambayar kuɗi kai tsaye, za ka kore shi. Fara da "Alhaji, barka da sauka, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana." Bar shi ya ba ka labarin ɗawafin bene da sanyin Madina. Sai shayinsa ya kai rabi za ka sassauta murya: "Ranka ya daɗe, nawa aka sallama muku?" Zai ce, "Ai kira ne, in Allah ya kira ka ba a lissafi." Gaskiya ya faɗa. Ka ce haka ne, ka sa a ƙara masa madara, ka sake tambaya.

Shaidun nan iri-iri ne, kuma kowanne da yadda ake karanta shi. Akwai Alhajin da ke zaftare kuɗin, ko don a san ya iya ciniki, ko don kada ƙannensa su ji su biyo shi gida da takardar kuɗin makaranta. Duk abin da ya faɗa, ɗora wani abu a kai. Akwai wanda ke haɗawa da kuɗin jallabiyoyi da dabino da agogon da ya sayo wa amarya, shi kuma sai ka sauke. Akwai wanda ɗansa ne ya biya masa daga Abuja. Wannan ka roƙe shi addu'a kawai, bai san komai ba, kuma Allah ya ba mu irin ɗansa. Shaidar da ta fi duka ita ce Hajiya. Ka aika maiɗakinka ta je yi mata barka da sauka. Hajiya na da rasit a ƙulle cikin leda a ƙasan akwati, ta san su nawa aka zuba a ɗaki, ta san ranar da aka ba su shinkafa ba nama, ta san sunan yaron da ya tsere da keken tura tsofaffi. In ka samu shaidu biyar, jefar da na sama da na ƙasa, ka riƙe na tsakiya.

Amma lambar da ka rubuta ba ta da amfani in ka bar ta a naira. Dubi kujerar Hajji ta hukuma, wadda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ke sanar da kuɗinta a fili. A 2023 maniyyacin Kano ya biya kusan naira miliyan 2.9. A 2024 aka fara da kusan miliyan 4.7, sai ga sanarwa a watan Maris cewa kowa ya ciko miliyan 1.9. A 2025 ta haura miliyan 8.4. Makka ba ta matsa daga inda take ba, jirgi bai ƙara fiffike ba. Naira ce aka saki a watan Yunin 2023, dalar da ake samu wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Riyal kuwa a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace dala ɗaya, tun 1986. Saboda haka duk farashin da Alhaji ya ba ka, tambaye shi watan da ya biya, ka kira mutuminka ɗan canji na Wapa ya tuna maka yadda dala take a lokacin, ka mayar da kuɗin dala, sannan ka dawo da shi naira a canjin yau. Wanda ya shiga ofis yana taya kujerar bana da kuɗin shekara uku baya, ko ruwa ba za a ba shi ba.

Ka kuma kwatanta wata da wata, na Musulunci ba na Bature ba. Azumin 2024 ya kama 11 ga Maris, na 2025 ya kama 1 ga Maris, haka yake ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. Umarar Maulidi kasuwarta daban, ta farkon azumi daban, goman ƙarshe kuwa ita ce ragon layya ana gobe Sallah: mai ita ba ya sauraron magiya.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, maganar "kusa da Harami". Kowane talla haka yake cewa. Ajyad kusa ne, bakin titin Ibrahim Khalil kusa ne, amma titin nan doguwar hanya ce, ƙarshensa ya nutsa cikin Misfala. Kudai sai da mota. Aziziyya kuwa, in an ce maka minti biyar ne, tambayi ko a jirgi mai saukar ungulu ake nufi. Kada ka karɓi amsa da minti, domin mintin saurayi ɗan shekara 25 ba shi ne na mahaifiyarka mai ciwon gwiwa ba. Sa a auna maka da ƙafar gida: daga Unguwar Gano zuwa ina? In Hajiya ta ce kamar ka taka zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ne ka dawo, sau biyar a yini, da azumi a bakinka, to ka san abin da arahar ta ƙunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai dattawan da suka sayar da fili don goman ƙarshe, suka ƙare da bin tahajjud a masallacin unguwa saboda ƙafa ta ƙi. Sa a rubuta maka sunan otal, na Makka da na Madina, ka buɗe taswirar wayarka ka auna da kanka. Kalmar "ko makamancinsa" in ta biyo bayan sunan, sa a goge ta ko a faɗi sunan makamancin.

Daga nan sai ka yanke iyakarka tun a gida, ka rubuta a tafin hannu in ta kama. Ka fara tayi ƙasa da ita kaɗan, yadda in an ce albarka kana da wurin ɗagawa. Za a ce maka wani Alhaji daga Hotoro ya taya fiye da haka, yana hanya da kuɗinsa. Ka yi masa fatan alheri, ka gyara zama. In da gaske ne, rabonsa ce. In kuwa babu shi, to malamai sun daɗe da yi wa wannan suna, najashi, wato zuga farashi da tayin da ba na saye ba, kuma shari'a ta hana. Saura kujera uku ɗin nan ma, duba littafinka: in bara ta kai sati uku tana saura uku, bana ma za ta jira ka ka yi istihara.

In an sallama, kada murna ta sa ka manta da takarda. Tabbatar kamfanin na da lasisin NAHCON. Kuɗi, ko da kafin alƙalami ne, a asusun kamfani ake zuba shi, ba na yaron ofis ba, ba na abokin ɗan'uwan mai kamfani ba. Rasit ɗin ya faɗi biza, da jirgin da za a hau daga filin Malam Aminu Kano da inda zai yada zango, da ranar tafiya da ta dawowa, da adadin mutanen ɗaki, da abinci sau nawa, da motar Makka zuwa Madina. Ya faɗi kilo nawa aka yarje maka, ko jarkar zamzam mai lita 5 na ciki ko a'a. Sannan a rubuta baƙi da fari wa zai ɗauki asara in biza ba ta fito ba, da kwana nawa za a yi kafin kuɗinka su dawo.