Yadda Za Ka Kai Jelar Dokinka Filin Damba da Mutuncinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon bikin Damba a Tamale ya san ba mahayi kaɗai ake zuba wa ido ba. Ga kalangu na tashi, ga sarakunan Dagomba cikin batakari, amma da doki ya gifta, abin da yake bar wa 'yan kallo na ƙarshe shi ne jela. In ta sauka tana sheƙi har tana neman sharar ƙasa, sai a ce wannan dokin gidan girma ne. In kuwa ta zama kamar tsohuwar tsintsiya, ko da azurfa ka yi sirdi, yaran unguwar Aboabo sun samu abin hira har Damba ta zagayo. Don haka, maigida, gyara zama ka ji.

Na farko, ka san abokan gaba. Babbansu akuya ce. Ita da ɗan maraƙi da ɗan dukushi duk suna tauna gashin jela, kuma ba sa neman izinin kowa. A dare guda akuya za ta cinye wahalar shekara biyu, da safe ta dube ka ido cikin ido. Gashin jela a hankali yake tsiro, wajen santimita 2 kacal a wata. Ka kafa turken doki nesa da garke, ka kuma cire duk wata ƙusa ko tsohuwar waya da ke jikin barga.

Na biyu, ka yi hattara da abokinka mai goge. Tsirkiyar goge, wanda Dagomba ke kira gonje, da izgar doki ake yin ta. Idan ka ga ya yawaita kawo maka gaisuwa, yana yabon dokinka yana zagayawa ta baya, ka tarbe shi da fara'a, ka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ka zauna tsakaninsa da barga. Haka za ka yi wa mai neman izgar da zai riƙe wajen rawa.

Na uku, ka ɓoye matajin uwargida. Mataji mai ƙananan haƙora tsinke gashi yake yi, sannan ya jawo maka shari'a a cikin gida. Yatsunka sun wadatar. Ka fara warwarewa daga ƙasa, ka hau sama sannu a hankali, kana tsince ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya. Kuma a gefe ake tsayawa. Mai tsayawa daidai bayan doki ya shirya yin bayani a asibiti.

Na huɗu, wanka da mai. Ka wanke jela da sabulun salo, ka ɗauraye sosai, domin ragowar kumfa ƙaiƙayi take sawa. Idan hunturu ya kama daga Disamba zuwa Fabrairu, gashi kan bushe ya riƙa karyewa. A nan mutumin Tamale ya fi kowa sa'a, tun da ƙasarsa ƙasar kaɗanya ce. Ɗan man kaɗe a tafin hannu ya isa. Kada ka lafta, don ƙurar hunturu ba ta ƙin gayyata.

Na biyar, idan damina ta sauka, ka yi wa jela kitso sakwa-sakwa don kada ta sha taɓo. Sai dai ka fara daga inda ƙashi ya ƙare. Saman jela nama ne da ƙashi da jijiya, ɗauri mai tsauri a wurin kan tsayar da jini, gashi ya zube, wani lokaci har jelar ta lalace. Ka riƙa kwance kitson bayan 'yan kwanaki, ka kuma bar masa abin korar ƙuda. An ce saniyar da ba ta da wutsiya Allah ke kore mata ƙuda, to naka dokin Allah ya riga ya ba shi tasa. Wannan ba ƙaramin makami ba ne, domin ƙudan tsando da ciwon sammore su suka hana doki zama a dazukan kudancin Gana tun zamanin da.

Na shida, in ka ga doki na goga gindin jela a jikin bango, ba rawar Damba yake koyo ba. Ko kaska ce, ko ƙwarƙwata, ko tsutsar ciki da ke ajiye ƙwai a ƙarƙashin jela. Ka kira malamin dabbobi. Ga Pong-Tamale nan kan hanyar Bolgatanga, inda kwalejin kiwon lafiyar dabbobi take, ba a rasa masana a wannan yanki ba.

Na ƙarshe, jela daga ciki take fitowa. Harawa mai kyau, dusa, dawa, ɗan kanwa da ruwa mai tsabta sun fi duk wani shafe-shafe. Dokin da ke kwana da yunwa ba ya yin jelar nunawa.

Wanda ya tuna da jelar dokinsa ana gobe Damba ya makara. Ka fara tun yau, ka kula da dabbar da Allah ya ba ka amana, a ranar hawa jama'a da kansu za su ba da shaida. Allah ya kai mu lafiya.