Yadda Ake Farautar Tsohuwar Langa

Ba sai na ce ka fara da ɗakin kakarka ba. Ka je, ka tarar an riga ka. Mu wuce wannan.

Na ɗaya, kifa kwanon ka dubi gindinsa. Tsohuwar langa tana da nauyi, inda fenti ya ɓare kuma baƙin ƙarfe za ka gani. In tambarin ya ce Cekoslobakiya, to ko ba komai ta girmi 1993, shekarar da ƙasar ta rabu biyu. In babu tambari kada ka damu, mai kaya zai ba ka tarihi kyauta. Kwanan nan wani ya rantse mini cewa tulun da ke gabansa Ladi Kwali ce ta gina shi, ita dai wadda ke bayan naira ashirin. Baiwar Allah ta rasu tun 1984, tulun kuwa tokar gashi ma ba ta bar jikinsa ba.

Na biyu, sa maganaɗisu a aljihu. Tasar tagulla ta gaske, irin ta maƙeran Bida, ba ta kama shi. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa kwalliya. Tukunyar ƙasa kuma ƙwanƙwasa ta: in muryarta ta dushe, ta tsage.

Na uku, ciniki. Kada ka shiga Kurmi da shadda mai maiƙo da makullin mota a hannu. Kasuwar nan tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta ga irinka ba adadi. Abin da kake so, shi za ka taɓa a ƙarshe, kana yamutsa fuska. Da zarar an ce maka "Alhaji, ai wannan tun kafin zuwan Bature," ka san "albarka" za ka sha har la'asar.

Amma tsaya, wa ya jefa mu cikin wannan wahalar? Ɗan gwangwan. Ba ya zuwa sai da hantsi, lokacin da maza suka fita. Ga baro, ga sikeli, ga bakin nan mai zaƙi: "Mama, a fito da tsofaffin ƙarafa." Shi bai san jere ba, bai san gara ba, kilo kawai ya sani. Haka goggona ta kwashe kayan ɗakin da aka yi shekaru ana gogewa duk jajibirin sallah: samira, fanteka, kwalla, injin taliya na hannu, har tukwanen da aka dafa abincin sunana a ciki, duk aka ɗora a sikeli. Da kuɗin ta sayi robobi masu kala. Da na yi magana sai ta ce, "Kai ɗan nan, da can ka taɓa tambayar su?" Robobin ba su ga ƙarshen hunturu ba. Tukwanen kuwa an narkar da su, an zuba sababbi marasa kauri. Wannan fa ba raha nake yi ba: mu da kanmu muka sayar da kayan iyayenmu da kuɗin goro, yanzu muna yawo kasuwa-kasuwa muna roƙon a sallama mana su a kuɗin buhun masara.

Na nawa muke? Bar shi. Turmi dai nemi na ƙirya, in ka iya ɗaga shi da hannu ɗaya ajiye. Akushi ka shinshina, na gaske ya sha miya, na jabu warin man takalmi yake. Rishon Butterfly kuwa, ko a banza aka ba ka, fara tambayar kuɗin kalanzir kafin ka ce na gode.

Akwai wata shawara game da dutsen niƙa, amma bayana bai warke ba tukuna, ba zan iya zancen ba. In dai a yawonka ka ci karo da samira ja mai furanni shuɗaye, murfinta ya ɗan lotsa ta gefe ɗaya, kada ka taya. Ta gidanmu ce, kuma ni zan saya.